Nazarin Lamari: Tauraron da Nauyin Kansa Ya So Ya Murƙushe Shi

Wanda ake magana a kansa

Tauraron da za mu bi labarinsa ba zan sa masa suna ba, don irinsa suna da yawa ƙwarai a sama, labarin ɗayansu kusan labarin dukansu ne. Abin da za ka riƙe kawai shine nauyinsa daidai yake da na Ranarmu, wato kamar a tara duniyar nan sau 333,000, kuma kayan jikinsa wajen kashi 71 cikin 100 haidurojin ne, kashi 27 hiliyom, ɗan abin da ya rage kuma su oksijin da kabon da ƙarfe. Ba wanda ya taɓa zama ya kalli tauraro guda tun haihuwa har tsufa, shekarun sun fi ƙarfin kowa. Abin da masana suka yi kamar mutum ne ya shiga taro ya ga jariri ya ga saurayi ya ga dattijo sai ya haɗa yadda rayuwa ke tafiya, sannan suka bi abin da lissafi. Rana aka fi aunawa sosai, shi ya sa yawancin alƙaluman nan daga wajenta aka samo su.

Matsalarsa guda ɗaya ce tun farko, nauyin kansa. Kowane ɓangare na jikinsa jan sauran yake zuwa tsakiya ba dare ba rana, shi kuma ba dutse ba ne, gas ne zalla, abin da ke tare shi kada ya rufta shine turin gas mai zafi daga ciki. Da za a ɗauke wannan turin gaba ɗaya, cikin kamar rabin awa zai rufta. To ga inda gizo ke saƙa, zafin nan ba ya zama, kullum tsiyayewa yake ta fatar tauraron ya fita a matsayin haske. Hasken da muke ɗaga kai muna sha'awa, a wajen tauraron yoyo ne. Duk abin da zai biyo baya neman abin da zai riƙa cike wannan yoyon ne.

Daga sifiri zuwa shekara 500,000: yadda abin ya faro

A wani makeken gajimare na gas da ƙura aka fara, mai sanyin da ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Sanyin nan shi ya ba da ƙofa, don gas mai sanyi ba shi da turin da zai yi gardama. Wani curi a cikin gajimaren ya yi kauri har janyowarsa ta rinjayi turinsa, sai ya fara zubowa cikin kansa. Tsakiya ta yi ta tara kaya tana zafi, abin da ya rage a gefe ya baje ya zama faifai mai juyawa, daga irin wannan faifan ne duniyoyi ke fitowa. A lokacin ko da madubin hangen nesa na yau da kullum ba za ka gan shi ba, ƙura ta lulluɓe shi, sai da na'ura mai kama hasken zafi wanda ido ba ya gani. Ana ganin irinsu da yawa yau a gajimaren Oriyon.

Da ƙurar ta washe sai ga shi ya bayyana, ƙato, faɗinsa ya ninka na Rana sau uku zuwa biyar, fatarsa ja-ja mai zafin digiri wajen 4,000, kuma ya fi Rana haske. Amma ba shi da wata wuta ta kansa tukuna.

Shekara miliyan ta farko: gwaji da diyutiriyom

Da zafin cibiya ya kai digiri miliyan 1 sai abu na farko ya kama. Akwai wani nau'in haidurojin mai nauyi da ake kira diyutiriyom, shi ƙwayarsa furoton ɗaya ce da niyutron ɗaya (ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar atom ke nan, haidurojin na yau da kullum furoton ɗaya kawai gare shi), ragowar mintocin farko na sararin samaniya ne. Ba shi da taurin kai, da ya haɗu da furoton sai su manne su zama hiliyom marar nauyi su saki zafi. Na ɗan lokaci abin ya yi aiki, zafin cibiya ya tsaya a wajen miliyan 1, ƙanƙancewar ta lafa.

Sai dai diyutiriyom ɗin ɗan mitsitsi ne, a cikin ƙwayar haidurojin 100,000 da kyar ka samu 2. Kuma a wannan lokacin jikin tauraron gaba ɗaya tafasa yake kamar ruwa a tukunya, na sama ya gangara na ƙasa ya hau, don haka duk wanda ke jikinsa sai da ya biyo ta cibiya ya ƙone. Cikin abin da bai wuce shekara miliyan 1 ba ya ƙare ƙarƙaf.

Shekara miliyan 1 zuwa miliyan 40: cin jiki

Da babu abin ƙonawa sai tauraron ya koma abin da ya saba tun farko, ƙanƙancewa. In gas ya matsu zafi yake yi, duk wanda ya taɓa bai wa taya iska da famfon hannu ya ji yadda bututun ke ɗumi. A nan akwai wani abu da ya daɗe yana burge ni. In tauraro ya ƙanƙance, ƙarfin da ya samu rabuwa yake gida biyu, rabi ya fita a matsayin haske rabi ya tsaya ya ƙara zafin ciki. Wato yana asarar zafi amma cikinsa ƙara zafi yake. Garwashi in ya yi asarar zafi hucewa yake, shi wannan akasin haka ne. Masanin Japan Chushiro Hayashi ne ya fayyace yadda farkon wannan zangon ke tafiya a 1961.

A kan hanya, wajen digiri miliyan 2.5, litiyom ma ya ƙone, amma shi ya ma fi diyutiriyom ƙaranci, ko ɗaga kai tauraron bai yi ba.

Dabarar ƙanƙancewa tana biyan kuɗin haske, wannan gaskiya ne, amma mutum ne ke sayar da gonarsa kaɗan-kaɗan yana ci. In ka lissafa duka ƙarfin da ke cikinta ka raba da hasken da ake fitarwa, wajen shekara miliyan 30 za ta kai shi. Kuma a nan ne su kansu masana suka maƙale tsawon lokaci. Sun riga sun san ba wutar itace ko gawayi ba ce, don da Rana curin kwal ce da cikin 'yan dubban shekaru ta zama toka. A 1854 Hermann von Helmholtz na Jamus ya ce ƙanƙancewa ce ke haska ta, Lord Kelvin na Birtaniya ya bi da lissafi ya ba ta 'yan miliyoyin shekaru, goma-goma zuwa ɗari. Masana duwatsu suka ce ina, shekarun nan sun yi kaɗan ga abin da suke gani a ƙasa. Da aka shiga ƙarni na 20 aka fara auna shekarun duwatsu ta hanyar ruɓewar yuraniyom sai ga wasu sun haura shekara biliyan. Su Kelvin ba su yi kuskuren lissafi ba, abin da suka kwatanta yana faruwa da gaske, kawai ƙuruciyar tauraro suka kwatanta suna zaton rayuwarsa ce duka.

Wajen shekara miliyan 40 zuwa 50: haidurojin ya kama

Zafin cibiya ya wuce digiri miliyan 10, sai furoton suka fara haɗewa da junansu da yawan da zai biya yoyon gaba ɗaya. Ƙanƙancewa ta tsaya cak. Faɗinsa a lokacin ya ɗan gaza na Rana ta yau, haskensa kuma kashi 70 cikin 100 na nata.

Daga nan ne ake cewa ya hau babban layi. Sunan daga wani zane ya fito, wanda Ejnar Hertzsprung na Denmak a 1911 da Henry Norris Russell na Amurka a 1913 kowa ya yi nasa. Suka jera taurari, gefe guda zafin fata gefe guda yawan haske, sai suka ga ba a warwatse suke ba, wajen kashi 90 cikin 100 sun hau layi ɗaya da ya karkata daga shuɗaye masu tsananin haske zuwa jajaye masu dushi-dushi. Mutane da yawa suna ɗauka tauraro tafiya yake a kan layin daga wannan ƙarshen zuwa wancan. A'a, wuri guda yake samu ya zauna, kuma nauyinsa ne ke nuna masa wurin.

Aikin da ke gudana a cibiya hawa uku ne. Furoton biyu su haɗu, ɗaya ya rikiɗe ya zama niyutron, a samu diyutiriyom, a kuma saki wata 'yar ƙwaya mai suna niyutirino. Cikin 'yan daƙiƙoƙi diyutiriyom ɗin ya cafke wani furoton ya zama hiliyom marar nauyi. Daga baya biyu irin wannan su haɗu su ba da cikakken hiliyom su mayar da furoton biyu. In ka tattara, haidurojin 4 sun shiga hiliyom 1 ya fito.

Me ya sa wannan ya riƙe

Na farko yawa. Hiliyom ɗin da ya fito bai kai nauyin haidurojin huɗun da suka shiga ba, ya gaza da kashi 0.7 cikin 100, wannan ɗan giɓin shi ke zama ƙarfi bisa lissafin Einstein. Francis Aston ne ya auna giɓin a 1920, a shekarar kuma Arthur Eddington ya ce ga abin da ke haska taurari. Kilo ɗaya na haidurojin ta wannan hanyar yana ba da zafin da ya ninka na kilo ɗaya na kwal kusan sau miliyan 20. Sannan a 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa taurari galibinsu haidurojin ne, abin da manyan lokacin suka ƙi yarda da shi da farko. Ga mai mai ƙarfi, ga shi kuma jibge.

Na biyu, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba, jinkiri. Furoton duk caji iri ɗaya gare su, ture juna suke, kuma in da lissafin da aka sani a da za a bi, digiri miliyan 15 ma bai isa ya haɗa su ba. An faɗa wa Eddington haka, ya ce wa masu sukar su je su nemo inda ya fi nan zafi. Amsar ta zo bayan 1928 lokacin da George Gamow ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyi wani lokacin sukan ratsa katangar da ba su da ƙarfin tsallakewa, sai dai sa'a ce da ba ta cika faɗowa ba. Kuma ko sun ratsa ba a gama ba, dole a daidai wannan ƙiftawar ɗayan ya rikiɗe ya zama niyutron, in ba haka ba su sake rabuwa, kuma rikiɗewar nan wani rarraunan ƙarfi ne ke yin ta mai shegen nawa. Sakamakon shine furoton guda a cibiya yakan yi biliyoyin shekaru yana karo da 'yan uwansa kafin nasa ya faɗo. Hans Bethe ne ya tsara lissafin matakan nan a 1938 da 1939, aka ba shi kyautar Nobel a 1967.

Bari in kawo abin kusa. Ka yanko akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi daga tsakiyar cibiyar. Nauyin abin da ke ciki tan 150 ne, ya ninka ruwa sau 150, amma ƙarfin da yake samarwa bai kai wat 300 ba, kwan fitila uku irin na da. Jikinka da kake zaune kana karanta wannan ya fi shi samar da zafi in aka gwada girma da girma. Juji mai ruɓewa shine sa'ansa. Girman tauraron ne kawai ya sa jimillar ta zama abin tsoro.

Na uku, abin yana gyara kansa. In haɗewar ta yi yawa cibiya ta ƙara zafi, ta kumbura, kumburin ya sanyaya ta, haɗewar ta ragu. In ta yi kaɗan nauyi ya danno, cibiya ta matsu ta yi zafi, haɗewar ta tashi. Nauyin da ke neman kashe shi shine kuma ya zama murfin tukunyar.

Shekara biliyan 4.6: awo a tsakiyar rayuwa

Nan ne daidai inda Ranarmu take yau. Zafin cibiya wajen digiri miliyan 15, fata wajen 5,500 a ma'aunin Salshiyas. Kowace daƙiƙa ana sarrafa haidurojin tan miliyan 600, tan miliyan 4 daga ciki ya ɓace ya zama ƙarfi. Kusan duk aikin a cikin rubu'in farko na tazarar tsakiya zuwa fata ake yin sa. Hasken da aka samar a can ba ya fitowa kai tsaye, karo yake ta yi yana dawowa, sai ya yi dubun-dubatar shekaru kafin ya iso fata.

To ta yaya aka tabbatar tunda ba mai leƙa ciki? Niyutirino. Su kusan ba abin da ke tare su, cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai sun fice daga Rana, minti 8 sun iso nan, kuma kowace daƙiƙa sama da biliyan 60 ne ke ratsa wurin da bai wuce farcen yatsanka ba. Raymond Davis ya kafa tanki a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar zinare ta Homestake a Amurka, a 1968 ya fitar da sakamako, ya kama kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da aka yi tsammani. Sama da shekara 30 ana jayayya ko lissafin Rana ne ba daidai ba. Sai a 2001 da 2002 wani ɗakin bincike a Sudbury ta Kanada ya nuna niyutirinon ne ke sauya kama a hanya, in aka ƙirga duka nau'ukan adadin ya cika. A 2020 kuma gwajin Borexino a Italiya ya kamo niyutirinon hanya ta biyu, wadda kabon da naitirojin da oksijin ke shiga tsakani a haɗa hiliyom. A tauraro irin namu wannan hanyar kashi 1 cikin 100 kawai take bayarwa, sai a waɗanda suka fi Rana nauyi da kamar kashi 30 cikin 100 zuwa sama take karɓe ragama.

Biliyan 4.6 zuwa biliyan 10: toka na taruwa

Tun ranar farko akwai wata 'yar ɓaraka. Duk lokacin da ƙwaya huɗu suka koma ɗaya, masu turi sun ragu, sai cibiya ta ɗan matsu ta ƙara zafi don ta riƙe nauyin da ke kanta, ƙarin zafin kuma ya sa man ya ƙara saurin ƙonewa. Shi ya sa haskensa ke hawa da kamar kashi 1 cikin 100 duk shekara miliyan 100. Daga kashi 70 ya taso ya kawo inda yake a tsakiyar rayuwa, haidurojin na tsakiyar cibiya kuma ya sauko daga kashi 71 zuwa wajen 35. In akwai duniya mai teku a tazarar da tamu take, lissafi na nuna ƙarin kashi 10 da zai zo cikin shekara biliyan 1 ya isa ya fara ƙafar da ruwanta.

Abin takaicin, man yana nan jingim a saman jikinsa amma ba hanyar kai shi ciki. Tafasar nan da yake yi yana yaro yanzu ta koma kashi 30 na waje kaɗai, cikin kuwa a kwance yake ba ya gaurayuwa.

Wajen shekara biliyan 10: sakamako

Haidurojin na cibiya ya ƙare. Haskensa ya kusa ninka na tsakiyar rayuwa. Abin da ya ƙona duka-duka wajen kashi 10 cikin 100 ne na haidurojin ɗin da aka haife shi da shi. Cibiyar hiliyom ba ta da wuta, don hiliyom sai digiri miliyan 100 yake kamawa, sai ta koma tsohuwar sana'a ta ƙanƙancewa. Zafin da ta tara ya kunna haidurojin da ke kewaye da ita kamar zobe, zoben ya ci da ƙarfi fiye da yadda cibiya ta taɓa yi, saman tauraron ya kumbura ya yi ja. Ya sauka daga babban layi kenan. Tauraron Beta Hydri, mai tazarar shekarar haske 24 daga nan, wato nisan da haske ke yi cikin shekara 24, yana farkon wannan hali yanzu.

Sauran labarin gajere ne in aka gwada. Cikin shekara biliyan 2 ko ƙasa da haka ya zama jan ƙato, faɗinsa ya ninka na da sau 200, duniyoyin da ke kusa ya haɗiye su. Hiliyom ya kama ya riƙe shi shekara miliyan 100 kacal. Daga nan ya watsar da kusan rabin nauyinsa, abin da ya rage curi ne na kabon da oksijin mai girman duniyarmu, farin wada, wanda cunkoson elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da tsakiyar atom, ke riƙe da shi ba wuta ba.

Hukunci

A ganina ƙona haidurojin bai warkar da matsalar ba, dakatar da ita ya yi, amma dakatarwar shekara biliyan 10 ce, wajen kashi 80 zuwa 90 na rayuwarsa mai wuta. Diyutiriyom ya faɗi don ba shi da yawa. Ƙanƙancewa ta faɗi don jiki ake ci. Haidurojin ya yi nasara ne don yana da yawa kuma yana da wuyar kamawa, kuma ni na fi ba wuyar kamawar muhimmanci, don da matakin farko yana da saurin na biyu da ba a samu tauraro mai irin wannan tsawon rai ba.

Kuma ba wata dabara tasa ba ce, nauyin haihuwa ne ya yanke komai, 'yan uwansa da suka fito daga gajimare ɗaya sun isa shaida. Wanda bai kai kashi 8 cikin 100 na nauyin Rana ba, wato kamar a tara duniyar Jufita sau 75 zuwa 80, cibiyarsa ba ta taɓa zafin da haidurojin zai riƙe shi, ya ƙona diyutiriyom ya yi ta hucewa. Wanda ya ninka Rana sau 10 yana da mai sau 10 amma haskensa ya ninka nata sau dubbai, cikin shekara miliyan 20 zuwa 30 ya cinye. Ko Kaza da 'Ya'yanta da ake gani da ido, shekarunsu wajen miliyan 100 ne kawai amma manyan shuɗayen cikinsu sun riga sun fara barin layin, da irin wannan ne ma ake gane shekarun gungun taurari, a duba daga ina layin ya gutsure. Can ƙasa kuma ga jajayen wadanni irin Proxima Centauri mai kashi 12 cikin 100 na nauyin Rana. Su tafasar jikinsu ba ta tsayawa, har cibiya take kaiwa, don haka kusan duk haidurojin ɗinsu za su ci ba kashi 10 ba, ga shi kuma a hankali suke ci, lissafi na ba su tiriliyoyin shekaru. Sararin samaniya gaba ɗaya shekararsa biliyan 13.8 ne, don haka tun da aka fara haihuwar jajayen wadanni ko ɗaya bai sauka daga babban layi ba tukuna.